Abin da Iska Ke Bari

A kan rufin ɗakin karatu na Oulu, ƙarfe tara na safe,
rana ba ta ko leƙo ba.
Tuulikki ta kashe makunni, ta garƙama masa kwaɗo,
ta jefa ɗan makullin cikin aljihun ƙirji.
"Injin da ya yi shiru barci yake," in ji ta.
"Wanda ya ɗauke shi gawa, da yatsu tara zai koma gida."

Ni ke riƙe da tocila.
Watana huɗu ina bin sawunta a dusar ƙanƙara,
wannan kuwa makonta na ƙarshe a bakin aiki.

Sabon inji ne fil, warin fenti bai gama fita ba.
Jajayen kusoshi huɗu da suka daɗe fanka don doguwar tafiya,
ta sa na kwance, na ƙirga mata a tafin hannu.
Can a lungu ga safar hannu wari guda,
wani mai haɗi ya manta.
Da mun kunna, da ita fanka za ta karya kumallo.

Sai faifan.
Tsayinsa ya kai kafaɗata,
ramuka dubu bisa dubu kamar saƙar zuma.
Ta tura shi da yatsa ɗaya, ta kasa kunne.
Ba gurzo, ba ƙugi, boris bai yi ƙorafi ba.
Ta danna bel, ya lotsa daidai yadda take so.
Ta shafa gashin buroshin da ya kewaye baki:
"In nan ya buɗe, Eemil,
iskar da muka sallama za ta dawo ta bayan gida."

Rariyar iska, kibiyarta ta dubi inda iska ta nufa.
Gwiwar bututu, na cika ta da ruwa.
Wayar ɗumi tana nan a naɗe,
don ruwan da ya kwana a nan, dutse yake wayar gari.

Ta cire kwaɗo. Na danna.
Ƙara ta tashi, iska ta hura, na yi murmushi.
Ita ba ta yi ba.
Ta dubi ma'auni, ta leƙa ta ƙaramar taga,
ta kashe.
"Juyin baya take yi.
Fanka mai juyin baya ma tana hura iska,
kamar maƙaryacin da ke faɗin rabin gaskiya."
Kwaɗo ya koma. Wayoyi biyu suka yi musayar gurbi.
Da muka sake kunnawa, rufin ya ɗauki wata murya.

Waje, ashirin da uku ƙasa da sifili.
Ciki, yara na buɗe littattafai da hannu ba safa.
Numfashinsu ya hau bututu zai fita,
ya ratsa faifai, ya ajiye ɗuminsa a cikin ramuka.
Faifai ya juya a hankali,
baƙuwar iska mai cizo ta shigo ta tarar da ajiya.
Kowacce da hanyarta, ba su gaisa ba,
amma mai tafiya ta bar wa mai zuwa riga.

Ta buɗe littafin da giris ya ɓata wa bango.
Na rubuta awon wuta, na rubuta ranar yau.
"Bayan wata uku ka dubi rariya.
In bazara ta zo da ƙurar furanni, kada ka jira wata uku.
Faifai ba ya son ruwa mai ƙarfi, lallashinsa ake.
Bel kuwa, kafin ya tsinke sai ya yi maka magana."

A bakin tsani ta tsaya,
gashin girarta ya yi fari da ƙanƙara.
Ta zaro kwaɗon, ta danƙa mini.
Ƙarfe ne, ya kamata ya cije ni da sanyi.
Da ɗumin aljihunta na karɓe shi.